Ranar da Sobita Ta Ce a Rufe Ƙofar Ruwa

Matso nan inuwa ka zauna, ka miƙe ƙafa, in ba ka labarin maƙwabciyata Sobita Dhali. Kada ka sa ran dariya da yawa, ita kanta ta kwana biyu ba ta yi ba.

Kogin Shibsa, da yake kusa da teku muke, yakan cika ya janye sau biyu kullum, kuma shekara goma sha bakwai ke nan Sobita tana sauka bakinsa duk lokacin da ya cika da rana. Wata ƙungiya ce daga birni ta fara ba ta aikin bayan mijinta ya rasu ya bar ta da ɗansu Tapon. Suka ba ta wata na'ura mai kamar tocila, wadda ake tsomawa a ruwa ta nuna yawan gishiri, suka haɗa mata da littafin rubuta abin da ta gani. Shekara huɗu suna zuwa karɓar littafin, daga nan suka ɗauke ƙafa. Ita ba ta daina ba, domin kafin nan gari ya riga ya ɗora mata kayansa.

Ka san halinmu. Da zarar damina ta wuce, ruwan teku zai fara turowa sama, kogi ya koma zartsi har wata shida. Kafin ya iso dole mu cika ƙoramar da ke bayan ganuwar da ta tare mana kogi da ruwan daɗi, mu rufe ƙofar ruwa. Da abin da aka tare ake ban-ruwan kankana duk rani. In an rufe da wuri, ruwa ya ƙare kankana ba ta ƙosa ba. In an makara, gishiri ya shiga, gona ta yi shekara uku tana jinya. Ranar rufewar kuwa, bakin Sobita ake jira.

Akwai abin da 'yan birni ba su koya mata ba, ita ta gano da kanta. Ruwan gishiri ya fi nauyi, saboda haka ta ƙasa yake lallaɓowa, na daɗi yana kwance a kansa. Bakin ƙofarmu kuma a ƙasa yake. Shi ya sa take ɗaure kwalba a kan doguwar gora, ta toshe ta da tsumma mai igiya, ta kutsa taɓo har gwiwa, ta nutsar da ita can ƙasa, sannan ta fizge igiyar. Shekarunta hamsin da takwas. Shiga taɓon ba wuya, fitowar ce take sa ta kiran sunan uwarta.

Bara damina ta yi mana rowa. Ranar tara ga watan Ogrohayon, watanmu na bayan damina, ƙorama ba ta wuce rabi ba sai da kaɗan. Ina kan ganuwa ina shanya raga na ga Sobita ta ɗebo, ta tsoma na'ura, ta zubar, ta sake ɗebowa. Sau uku. Sai ta hau ta nufi rumfar Mojid Gazi, dattijon da ke riƙe da makullin ƙofa, wanda muke ce wa Chacha, wato baffa, ta same shi yana tauna ganyen pan, goronmu na nan, tare da manoma biyar ko shida.

"Chacha, yau za ka rufe."

"Yau? Uwar Tapon, kin ci abinci kuwa? Sauran mako uku."

"Da can ne sauran mako uku. Gishiri ya iso."

Mojid ya sauka matakalar ƙofa, ya kamfato ruwa da tafin hannu, ya kurɓa, ya juyo yana lashe baki. "Wallahi in na jefa ganyen shayi a nan sai ki sha kofi biyu."

Aka yi dariya. Sobita ta miƙa masa kwalbar. Ya kurɓa, ya tofar.

Ƙanena Binoy ne ya taso mata, don gonarsa tana can ƙarshen ƙorama inda ruwa ke fara yankewa. Didi muke ce mata, wato yaya. "Didi, kwana uku kawai. Kwana uku mu samu ko taƙi biyu. Ɗan wannan gishirin ai ko miya ba zai ishe ta ba."

"Yau ɗan wannan ne. Jibi wata zai cika a sama, kogi ya hau da ƙarfinsa. Ka san abin da zai ɗauko."

"Na'urar nan taki ta tsufa kamar gwiwoyinki!"

"Ta tsufa. Harshen Chacha ma ya tsufa, tambaye shi abin da ya ji."

Mojid ya juya wajen ruwa. Ya daɗe yana duban ƙoramar, sannan ya ce, "To ke za ki gaya wa mutane. Ni ƙarfe kawai nake juyawa."

"Yaushe ne ba ni nake gaya musu ba?"

Da la'asar aka sauke ƙofar.

A farkon watan Choitro, da zafin rani ya tsananta, ƙorama ta ƙafe, gindinta ya tsattsage. Masu gona kusa da ƙofa suka tsira da kankanarsu, har motoci suka zo ɗauka. Gona ashirin da biyu na ƙarshe suka bushe, 'ya'yan ba su wuce dunƙulen hannu ba. Ta Binoy tana ciki. Shi ya tafi birni tuƙa keken haya, matarsa kuma ta daina gaishe da Sobita a bakin famfo. Ni ma, in gaya maka gaskiya, na yi wata guda ina zagayawa ta bayan gidanta.

Da na gaji da zagaye na shiga. Na tarar tana shafa man mustad a gwiwa, ga shinkafar jiya jiƙe a ruwa da ɗanyen barkono ko taɓawa ba ta yi ba.

"Ka zo zagi ne ko gaisuwa?"

"Gaisuwa, Didi."

"Zauna to. Busasshiyar kankana kowa ya gan ta. Gishirin da bai shiga ba, wa zan nuna wa? Shekarar da na yi daidai ba wanda ya sani. Na gaji, ɗan'uwa. Kogin nan kullum ƙara gaggawa yake, ni kullum ƙara nauyi."

Na ce ai gonakin sun tsira, baɗi za a sake shukawa. Ta ce, "Je ka faɗa wa Binoy."

Yanzu damina ta sake ɗaukewa. Shekaranjiya Mojid ya zo ƙofar gidanta da kansa, ya tsaya yana gyaran murya, yana tambaya ko ta fara awo. Bana ma ruwan bai kai yadda ake so ba, kuma a duk garin nan ba wanda ya nemi ya koyi aikinta. Ba ta ce masa e ba, ba ta ce a'a ba.

To kai da ka saurara, in da a gidanka ya tsaya, me za ka ce masa?