Sababbin Tayoyi da Lakar Bayan Masanawa

Motar da nake yawon ƙauyuka da ita tsohuwa ce, irin mai jan ƙafa huɗun nan ta shiga daji. Na saye ta a gwanjo shekarar da aka mayar da ni Gwarzo aikin duba dabbobi. Injinta lafiya lau. Tayoyinta ne suka cinye, suka yi sumul kamar tafin hannu, ni kuwa mutum ne mai cewa bari sai gobe.

Wata Laraba a farkon damina goben ta ƙare. Na je yi wa shanu allurar rigakafi a wani ƙauye wajen Kara, a hanyar dawowa motar ta kafe a ɗan taɓon da ko akuya ba za ta kauce masa ba. Shanun huɗar da na gama tsira wa allura da safe, su aka ɗaura wa igiya suka ja ni. Sai da muka fita mai shanun ya ce, "Likita, da ka sani da ka sassauta musu hannu ɗazu." Da kunyar nan na kwana.

Wannan shi ne dalilin da na gaya wa kowa na sayen tayoyi. Akwai wani da ban faɗa ba.

Ƙauyenmu na asali yana can bayan Masanawa, a ƙasar Kabo, kuma a can Baffa yake, ƙanen mahaifina. Shekara shida ke nan ba sa ga maciji da Baba. Baffa ne ya sare wata ɗorawa da mahaifinsu ya bari a tsakiyar gona, wai inuwarta na kashe masa dawa, bai ko shawarci yayansa ba. Baba, wanda ya daɗe da dawowa wurina a Gwarzo, ya tara mu ya ce duk ɗansa da ya sake taka garin, to kada ya ƙara durƙusawa ya gaishe shi. Baba kuwa ba ya magana biyu. Na bi umarnin shekara biyar. Da na ji Baffa na fama da gyambo a ƙafa har ba ya fita masallaci, zuciyata ta ƙi. Duk ranin nan ina satar hanya ranar Asabar, in ɗauke shi zuwa asibiti a Kabo a wanke masa, in mayar da shi, in dawo gida ina ba da labarin tumaki.

Da ruwa ya sauka, fadamar da ke tsakanin kwalta da ƙauyen ta cika da laka. Sati uku ban je ba. Ina tsoron fushin Baba ƙwarai, amma ina tsoron kada ƙafar nan ta ruɓe.

Na shiga Kano na zaɓo tayoyi huɗu, ba irin waɗanda motar ta fito da su daga kamfani ba. Sun fi su faɗi, sun fi su tsawo, ga haƙora zaƙo-zaƙo da ɗan yatsa ke shigewa tsakaninsu. Na loda su a baya na nufi wajen mai facinmu da ke gefen tashar Gwarzo, wani dattijo mai furfura a gemu da bakin da ba ya hutawa. Ya sauke ɗaya, ya mirgina ta, ya dube ni.

"Yallaɓai, waɗannan ai 'ya'yan tarakta ne aka yaye da wuri. Yaƙi za ka?"

"Ƙauye zan je."

"To ƙauyen ya shiga uku."

Ni sauri nake, shi kuwa ba ya san sauri. Sai da ya jera su a ƙasa ya bi kowace yana shafa gefenta, ya nuna mini wata 'yar kibiya da aka zana a jikin robar. Ya ce irin waɗannan ba a sa su yadda aka ga dama, kibiyar sai ta kalli gaba, in ba haka ba haƙoran tara laka za su yi maimakon su watsar. Ya ware biyu na dama, biyu na hagu. Na ce ai taya taya ce. Ya ce in haka ne in riƙa yi wa kaza allurar raƙumi. Na samu benci na zauna.

Ya kafa jak ya ɗaga motar. Notin ƙafar baya guda ya yi tsatsa ya ƙi motsi, sai ya zura wa sifanar dogon bututun ƙarfe, ya tattare riga, ya hau kai da ƙafa biyu yana rausaya, har notin ya yi ƙara ya saki. Ya ɓare tsofaffin daga rim, ƙarfen da taya ke zama a kai, da liba biyu na ɓanɓara da guduma, yana ɗaga kowace yana nuna wa masu wucewa, wai su zo su ga abin da likita ke hawa. Sababbin kuma ya shafe bakinsu da ruwan sabulu, ya danna, ya tattaka, ya tayar da injin iska. Da ta farko ta zauna a kan rim ta yi wata ƙara, mai shayin da ke kusa ya zubar da rabin kofi a ƙafarsa, ya yi ta yi mana Allah ya isa cikin raha.

Da aka gama ɗaurawa na shiga in gwada. Ina murɗa sitiyari zuwa ƙarshe sai na ji gurr, tayar gaba na gugar modigadi, ƙarfen da ya rufe samanta. Raina ya ɓaci, na fito ina faɗa, wai ya sa ba daidai ba. Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce, "Wanda ya sayo babbar riga shi ke neman tela." Ya kira maƙwabcinsa mai gyaran jikin mota, aka kawo guduma aka dinga lanƙwasa bakin ƙarfen ciki. Kowane bugu a ƙirjina nake jin sa. Amma da na sake murɗawa, shiru. Kafin in tafi ya ja ni gefe ya ce in zan shiga laka in rage iska kaɗan, in na hau kwalta kuma kada in ji suna gurnani in ce aljanu ne.

Baba na zaune a kan buzunsa a ƙofar gida da na iso. Ya tashi ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa taya ɗaya da sandarsa, ya ce, "Allah ya sa alheri. Ta yi tsawo." Daga bakin Baba wannan babban yabo ne.

Ranar Asabar na kama hanya. A bakin fadamar na tsaya na rage iska, na sa giyar ƙarfi, na yi bisimilla. Motar ta shiga lakar nan tana tafiya kamar a tsakar gida, laka na tashi dama da hagu. Ni kaɗai a ciki ina dariya. Na tarar da Baffa ya rame, ƙafar ta kumbura, amma da ya ga tayoyin sai da ya sa aka tallabo shi ya taɓa su. Muka je Kabo aka wanke, muka dawo. Sau huɗu na ratsa fadamar ran nan, ko sau ɗaya ban kafe ba.

Da la'asar sakaliya na iso gida ina jin kaina. Abin da ban yi tunani ba shi ne, tsofaffin tayoyina ba su taɓa riƙe komai ba, ko'ina na je haka suke dawowa fes. Waɗannan kuwa, duk da abin da kwalta ta kakkaɓe, sun taho da guzuri a tsakanin haƙoransu. Ina kashe mota wani curi ya faɗo tim, daf da buzun Baba.

Ya miƙa hannu ya ɗauka. Ya murza shi tsakanin yatsunsa, ya kai hanci.

"Ina ka je yau?"

"Wajen Getso, Baba. Wasu awaki ne."

"Getso," in ji shi. Ya ƙara murzawa. "Shekara arba'in na yi ina noma, ban san an kai fadamar bayan gidanmu Getso ba. Ka ga wannan baƙin da ɗigon fari-fari a ciki? Ko a makance aka sa mini ita a hannu zan gaya maka ta gefen rijiya ce ko ta gefen giginya."

Na durƙusa a gabansa, ni da nake da 'ya'ya har da mai shirin aure. Ina jira ya ce in tashi in ba shi wuri. Bai ce ba. Ya jawo butarsa ya ɗiga wa lakar ruwa, ya shiga cuɗa ta a tafin hannu, kansa a sunkuye. Can ya ce, "Ƙafar tasa fa?"

"Da sauƙi, Baba. Sun ce in ana wankewa za ta warke."

Ya ce in ƙara ɓanɓaro masa daga tayar baya. Na ɗauki tsinke na yi ta saƙato masa laka daga haƙoran taya yana karɓa, har na ga abu ya fara fitowa a hannunsa: ƙafafu huɗu, tozo, dogon wuya. Ɗan raƙumi ne, irin wanda yara ke ginawa a bakin fadama. Ya ɗora shi a kan katanga ya ce kada wanda ya taɓa. Maganar garin kuwa bai sake tayar da ita ba, ni ma ban kuskura ba. Sati guda na yi ina gaishe shi ina sauraron yadda zai amsa, yana amsawa kamar kullum.

Asabar ta zagayo, na fito da mukulli ina sanɗa. Ya kira ni. Ya miƙo mini raƙumin a naɗe cikin tsumma, ya bushe ƙamas.

"Ka kai masa. Ka tafi a hankali, kada waɗannan tayoyin naka su karya masa wuya."

A kan cinyata na ɗora shi har ƙauye. Baffa ya kwance tsumman, ya juya abin a hannunsa, ya daɗe yana kallo. Sai ya fara dariya, dariyar ta zarce har hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

"Har yanzu Yaya bai iya tozo ba," in ji shi. "Tun muna yara nake gaya masa baya yake kai shi."

Na ce ya shirya mu tafi asibiti kada rana ta yi. Ya ce asibiti ba guduwa zai yi ba. In fara zuwa in saƙato masa laka daga jikin tayar, mai ɗan yawa, in kuma miƙo masa buta.