Lambobin Uban Wani

A shekarar korona aikin jinya ya kai ni wani gida a unguwar Al Gharrafa, can ƙasar waje, wurin wani dattijo ɗan Ostireliya. Ya zo ganin 'yarsa, aka rufe hanya, ya maƙale. Ciwon suga gare shi, ga surutu kamar rediyo. Ina duba jininsa, yana ba ni labarin ubansa soja, wanda Japanawa suka kama suka sa aikin layin dogo a dajin Bama, ba takalmi, sai ruwan shinkafa.

Ina cewa "Allah sarki," amma a baki kawai. Kakana ma ya je Bama. Daga ƙauyenmu na Filato aka kwashe su, ya dawo da tari da kunne guda a toshe, ya mutu yana gadin shagon wani. Uban wannan kuwa har hotonsa na cikin gilashi. Kishi nake yi, ba na ɓoyewa. Daji ɗaya, sauro ɗaya, amma wahalar wani ta fi ta wani gata.

Ranar tunawa da sojojinsu ba a yarda da taro ba, sai ya ce a fito da shi ƙofar gida da sassafe. Na tura shi a kekensa na marasa lafiya ina ƙunƙuni a cikin takunkumi. Ya miƙo mini lambobin yabon da ubansa ya samu a yaƙi in maƙala masa a ƙirji. Na kai hagu, ya riƙe hannuna.

"Dama, 'yata. Hagu na wanda ya je ne. Mu 'ya'ya a dama muke sawa."

Har gefen da ɗa zai sa sun tanada! Abin ya ci ni, bakina ya suɓuce.

"Baba, ni ma kakana ya yi yaƙin Bama. Ko maɓalli ba mu gani ba."

'Yarsa ta kunna kyandir, ya kira cikakken sunan ubansa da na rundunarsa, sannan ya juyo.

"Saura naki. Faɗi sunansa, mu tsaya masa."

Na buɗe baki. Kowa a gidanmu Baba Soja yake ce masa, har kakata. Na laluba, na laluba, babu wani sunan a kaina. Suna jira, kyandir na ɗiga a hannun 'yar.

"Baba Soja," na ce.

Dattijon ya dafa keke ya miƙe da ƙyar, ya maimaita shi da kyau, yana tsammanin suna ne.