Abokin ɗakin Isufu

Jama'a, yau ɓarawo ya sha shayina!

Da hantsi wani mai kwat ya yi sallama, riƙe da takardu masu tambari. Wai daga Yamai yake, abokin ɗana Isufu ne a jami'a.

Ya ce, "Baba, bursin karatunshi, wato tallafin gwamnati, ya fito. Shi ya aiko ni in amshi jika talatin na dosiye, kuɗin cika takardu. Ko rago ma ya isa."

Na ce, "Madalla! Kun san juna sosai?"

"Ɗakinmu ɗaya!"

Ni za a yi wa wayo? Na juya wajen mai zuba mana shayi, wanda yajin karatu ya maido gida Tawa tun watan jiya.

"Isufu, gai da abokin ɗakinka."

Wallahi mai kwat ko takalmanshi bai tsaya ɗauka ba! Ga su nan, daidai ƙafata.