Ƙanƙarar da ta same ni a Badi'a

Tuƙin gidan mutane a Riyad wahala ce, ba wani daɗin baki da zan yi mata. Motar ba taka ba, lokacin ba naka ba, iƙamarka ma, wato katin izinin zama, sai kafili, mutumin da ya ɗauko ka aiki, ya ga dama yake sabuntawa. Tawa saura sati uku ta mutu ranar da abin nan ya faru.

Dokar maigidana guda ce. In na sauke shi a ofishinsa na unguwar Ulaya, in shiga da motar ƙarƙashin bene in zauna har la'asar. A ƙasan nan ko ruwa ba ya taɓa mota. Ran nan maigadin gidan da nake aiki, wani mutumin Maraɗi da muke kwana ɗaki ɗaya, ya ce min an kawo kuka da daddawa daga gida ana sayarwa a kasuwar Utaiqa. Wata takwas rabona da miyar kuka. Na ce awa ɗaya na je na dawo, wa zai sani?

A hanyar dawowa, wajen Badi'a, gari ya yi ja, sannan ya yi baƙi. Iska ta fara jifa da kwalaye da allunan shago. Tsawa ɗaya aka yi, sai ƙanƙara, manya kamar ƙwan zabo. 'Yan gari sun san abinsu, kowa ya ruga da motarsa ƙarƙashin gada. Kafin in gane dalili gadar ta cika. A fili na tsaya, ina ji ana dukan rufin motar kamar ana sussuka. Titi ya yi fari fat, yara na ɗauka a waya, ni ina salati.

Da na koma Ulaya, yayyafi kawai aka yi a can. Maigida ya sauko, ya dubi gaban motar duk ya lotsa, ya sa yatsa cikin rami ɗaya ya daɗe bai cire ba. Ya dubi motocin da ke gefe, sumul.

Ya ce, "Wen ruh?" Wato ina na je.

Na ce, "Mafi ruh, Baba," wato ban je ko'ina ba. Ƙarya ta riga hankalina fita.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Har gida yana kallona ta madubi, da zai fita ya ce, "Bukra." Gobe ke nan. Na san abin da yake zato: kabu-kabu nake yi da motarsa. Direban da na gada, a kan wannan zaton aka sa shi a jirgi.

Maigadi na rufe ƙofa ya fashe da dariya. "Kai Bakano, ƙanƙara har ƙarƙashin ƙasa ta bi ka? Lalle kana da farin jini!"

Na ce, "Malam, bar ni."

Ya matso ya rage murya. "Ka ce mishi Hajiya ta aike ka. Ba ya tambayar ta, wallahi."

Na dube shi da kyau. Shi ya kawo min labarin kukar. Shi ne kuma ke da ƙane mai lasin tuƙi da ke zaune a Utaiqa ba aiki, kullum zancensa. In na sa sunan matar gida cikin ƙarya aka kama ni, ba kora kaɗai ba ce. Ko ya san da haka? Ko tausayina ne yake ji da gaske? Mutumin da muke cin kwano ɗaya. Amma ai ba shi ya saukar da ƙanƙarar ba, wannan na gaya wa kaina ya fi sau goma. Ya tuƙa tuwo da magariba, ya kaɗa kukar da na sayo, na ce cikina ba daɗi. Ya ci abinsa yana santi, ina kallon bakinsa.

Da safe bayan sallah na wanke motar, na ajiye ta inda rana za ta haska kowane rami. Na haɗa kayana a jaka na bari bayan ƙofa. Da maigida ya fito na miƙa masa makulli da iƙamata, na ce jiya ƙarya na yi, Utaiqa na je, kayan miya na sayo, ba wanda ya aike ni kuma ban ɗauki kowa ba. Sannan na koma gefe na tsaya.