Ruwan Ranar Juma'a

Bana shekara talatin da rasuwar aminina Malam Garba duba-gari. Har yau in na ratsa Fagge warin kwata ya buge ni, sai gabana ya faɗi.

Mun saba ne a shekarun nan na gab da samun 'yancin kai. Ni Kirista ne daga Zariya, ina aiki a wata masana'antar jima a bakin Sabon Gari. Shi kuwa aikinsa ya hana mu sakin ruwan jima a babbar kwatar gari sai ya kwanta a rami, dattin ya zauna. Mutum ne mai nacin tsiya. Kullum zai jingine kekensa, ya tsuguna, ya ɗebi ruwa a kwalba, ya ɗaga ta a rana, ya shinshina. Muna tsokanarsa wai hancinsa ya fi likita karatu.

Manajanmu ya lura cewa ranar Juma'a da azahar Garba na masallaci, haka ma sauran ma'aikata. Ni nake saura. Ni ake sa in zare katakon da ya tare bakin ramin, baƙin ruwa ya kwarara da gashi da kumfa, kafin a sallame salla ya yi nisa. Na yi, don ina tsoron kora.

Ruwan ya ƙone lambunan da ke gangare, ya ɓata rijiyoyi, yara suka yi ta gudawa. Da aka duba rahoton Garba, kullum lafiya lau ya rubuta. Aka ce ya ci hanci, aka tuɓe masa kaki. Ya koma gyaran keke kusa da tashar jirgin ƙasa. Wata rana ina zaune a rumfarsa ya ce, "Yohanna, kai da kake ciki, ta ina ruwan nan ya bi?" Na ce, "Ban sani ba, Malam." Ya gyaɗa kai, ya ɓara goro ya miƙo mini rabi.

Yau masana'antu sun cika gari, ga hukumomi, ga na'urorin gwaji. Da yana nan, na san tambayarsa ɗaya ce: wa ke bakin ramin in mai dubawa ya juya baya?

Garba bai bar gida ba, bai bar gona ba. Suna ya kamata ya bari, 'ya'yansa kuwa sun tashi ana yi da su a unguwa. Rabi, Sani, ku nake rubuta wa. Babanku bai taɓa rubuta ƙarya ba, abin da ya gani shi ya rubuta. Ni na san abin da bai gani ba, kuma na raka shi har makabarta bakina a rufe.