Ƙahon da Na Sha Saboda Jarrabawar Kontabul

Ni karatuna na lakwal, wato makarantar boko, bai yi nisa ba. Na iya gaida mushe, malaminmu, da faransanci, na iya lissafi har inda yatsu suka ƙare, sai aka mai da ni bayan awaki. Duk da haka na ci jarrabawar manyan kontabul, masu lissafin kuɗi, kuma shaidar tana gadon bayana.

Ɗan farina yana aiki a wani asusun ajiya da lamuni a Damagaram. Aka ce masa in yana son kujerar shugaban lissafi, sai ya ci wata jarrabawa da ake zuwa Yamai a rubuta. Ya je, ta kayar da shi. Suka ce saura dama guda. In ya sake faɗuwa za su ɗauko wani daga waje, shi ya ci gaba da buga hatimi. Sai ya ɗauki konje, hutun aiki, ya taho gida Tanut da littattafai cike da kwali, wai a nan zai samu shiru. Yaron ya daɗe a birni, ya manta garinsu.

A wajenmu in ɗa ya zo daga nesa, ba na kansa ba ne, na gari ne. Tun hantsi dattawa suke cika zaure. Kowa ya yi sallama sai an kira shi, ya fito ya durƙusa, a tambaye shi gajiya, da aiki, da zafin Damagaram, da lafiyar mutanen da bai taɓa gani ba. Kafin ya koma ya gano layin da ya tsaya, wani ya ɗaure raƙumi a ƙofa. Ga shayi, wanda barinsa a kofin farko cin mutunci ne.

Da na ga yana ramewa, sai na naɗa kaina mai gadi. Duk wanda ya zo na ce masa yaron ba ya ganin mutane, yana ɗaki da littafi, shi kaɗai yake magana. Gaskiya na faɗa, don haka yake haddar dokokin haraji. Kafin la'asar labari ya kai kasuwa cewa boko ya taɓa masa kai. Masu gaisuwa suka koma masu dubiya, suka ninka. Gwaggonsa ta taso daga Ollelewa da hayaƙi, ta turara shi har ya kasa ganin baƙi a takarda.

Ran nan ya same ni a gindin bishiyar bedi ya ce, "Baba, zan faɗi."

Na kau da kai, don mu ba ma hira da ɗan fari. Amma da safe na shimfiɗa tabarma a tsakiyar zaure, na ja bargo, na fara nishi. Uwar yaran ta leƙo ta ce, "Malam, me ya same ka?" Na ce bayana ya riƙe, kuma daga yau duk wanda ya tambayi yaron a ce na aike shi Damagaram neman magani. Ta dube ni, ta dubi ɗakin baya inda muke ajiye hatsi, ta tafi ta share masa shi.

Dabarar ta ci. Ba mai tsallake maigida kwance ya shiga cikin gida. A zaure ake tsayawa, a yi mini sannu, a ajiye abin da aka kawo. Makiyayan Belbeji suka aiko da cuku, maƙwabta suka yi ta farfesu. Na fara tunanin da ma tun ina matashi na san wannan sana'a.

Sai taubashina ya zo daga Gangara. Wanzami ne, tun muna yara ba ya ganina ya ƙyale. Ya tsuguna, ya latsa bayana, na yi nishin da na fi gwaninta a kai. Idonsa kuwa yana kan wata igiyar lantarki da ta sauko daga farantin sola ta bi bango ta shige ɗakin hatsi, inda yaron ya jona ordinater, wato kwamfutarsa. Ya sunkuyo kunnena.

"Bawana, yaushe geronka ya fara aiki da ordinater?"

Na ce ya rufa mini asiri.

"Zan rufa, da ƙaho. Ko ka juya baya, ko in je in gaida geron."

Nan ya miƙe ya sanar wa jama'a cewa mataccen jini ne ya taru mini, kuma sai an yi ta ja kowace ranar kasuwa. Ya hana ni nama, ya hana ni cuku, ya ce kunun kanwa kawai. Abin da aka hana ni kuwa shi yake zama ya cinye a gabana, yana yi mini sannu da baki cike. Ya kafa ƙaho ya tsaga, ya kafa ya tsaga, har bayana ya koma kamar gonar da aka yi wa shuka a layi. In na yi ƙara ya ce wa mutane ciwon ne yake fita. Nishin da na fara da wasa ya zama na gaske.

Daga inda nake kife, in zaure ya yi shiru, nakan jiyo muryar yaron can ƙasa-ƙasa yana bitar yadda ake rage darajar mota shekara bayan shekara. Na ce a raina, ai ga wani nan ana rage masa daraja kowace kasuwa, ba wanda ya sa shi a littafi.

Da lokaci ya yi ya fice ta ƙofar awaki ya hau motar Yamai. Na so in warke a ranar, taubashi ya ce warkewar gaggawa tana jawo zargi, ya ƙara mini kasuwa ɗaya.

Bayan an kwana biyu waya ta buga, uwar yaran ta ɗauka, sai na ji guɗa. Ya ci, kujerar ta zama tasa. Gari ya sake cika zaure da barka. Gwaggo ta ce hayaƙinta ne ya buɗe masa kai. Taubashi ya ce shi dai ya tayar da gurgu, a tambayi kowa. Aka yi ta mamakin yaron da yake yawon neman maganin ubansa kuma ya ci jarrabawa, aka ce albarkar iyaye ce. Ban musa ba.

Da ya zo da difilom ɗin cikin gilashi, ya durƙusa ya miƙo mini. Na riƙe shi yadda na ga ana riƙewa, na karanta abin da ya sawwaƙa. Sannan na juya, na ɗage riga, na ce wa uwarsa ta gaya masa nawa ya fi nasa yawan hatimi.