Mai Zuwa Ganin Gida da Ƙunshin Wanki

Doña Cleotilde Arreola, da muke kira Cleo, wanki da guga take yi a unguwarmu Iztapalapa tun ina goyon ɗana na fari, ga shi yau ya fara furfura. Katanga ɗaya ta raba ɗakunan hayarmu. Ni tamales nake dafawa in sayar, wani irin alalen masara da ake naɗewa a ganye, ruwa kaɗan ya ishe ni. Ita kuwa ranar da babu ruwa babu abinci. Famfon unguwarmu Talata da Juma'a yake tunawa da mu, sauran ranaku sai bin motar ruwa da bokiti, har kafaɗar Cleo ta dama ta karkace. Shi ya sa da 'yarta mai aiki a Monterrey ta cika mata abin da ta daɗe tana tarawa, ba ta nemi falo ko baranda ba. Gida mai ruwa take so, kuma ta san kuɗin nan ba za su sake taruwa ba.

Dillalin da aka haɗa ta da shi Fulgencio Barragán ne, mai bakin da zai sayar wa kifi lema. A gidan farko da kansa ya murɗa famfo, ruwa ya zubo shaa.

"Kin gani, Mama? Kogi ke nan! Mutum uku na jiran gidan nan, don ke na riƙe."

Cleo ta ce, "Allah ya ba su haƙuri. Gobe zan dawo da wankina."

"Wanki kuma? Haba Mama, a gidan mutane?"

"Ɗana, da mota ce za ka saya, ba sai ka tuƙa ba?"

Washegari muka sauko daga bas da ƙunshi biyu, ni da ita, barguna da zannuwan gado. Ta san wayon dillalai: a kira motar ruwa da sassafe a cika tankin saman rufi, mai saye ya gani ya sa hannu. Amma tanki yana da iyaka. A bargo na huɗu famfo ya yi tari, ya hura iska, ya yi tsit.

Fulgencio ya share gumi ya ce, "Gyara ake yi a bakin titi."

"Sannunsu da aiki. Zo ka kama mini nan mu matse, kada ka tsaya haka."

Gida biyar muka ƙafar a wata biyu. Ni kaina na gaji, na ce mata ta rage taurin kai kafin dillalan garin nan su riƙa gudu in sun hango ƙunshi. Ta ce ai sayen nagari mayar da kuɗi gida. Fulgencio dai ya rame, ya daina zancen mutum uku.

Rannan ya ce, "Mama, akwai wani a can gangare. Kunyar nuna shi nake ji, wallahi ba shi da kyan gani."

"Ni ma ba ni da shi. Mu je."

Gaskiyarsa. Ɗaki biyu ne a matse, fenti duk ya ɓare. Cleo ko kallon bango ba ta yi ba, ta sa ya hau ya rufe tanki don ta ga ruwan da ke zuwa daga titi. Ta yi wanki tun hantsi har la'asar, ta dawo Laraba, ta dawo Lahadi. Ruwa bai ko yi gyatsa ba. Sannan ta goge hannu a zane ta ce a kawo takarda.

Ranar da ta tare na kai mata tamales da zafinsu. Na jiyo ruwa na zuba a banɗaki, na zauna jira har suka huce. Ta fito gashi na ɗiga, tana dariya, idanu jajir. Murna ta kama ni.

Ta ce, "Ƙawata, shekarata sittin da ɗaya. Yau na fara wanka hannuwana biyu a sake, ba riƙon moɗa."